Yadda Muka Sauya Murhun Ɗumama Gidanmu a Winnipeg

A ƙarshen watan Satumba na shekarar 2021, wadda ita ce shekararmu ta biyu a gidan da muka saya a birnin Winnipeg na lardin Manitoba a Kanada, na kira wani ma'aikacin gas domin ya duba murhun da ke ɗumama mana gida kafin sanyi ya kankama. Ban kira shi don na ga wata matsala ba. Maƙwabcina ne ya ce haka ake yi duk shekara, ni kuwa ban so a ce baƙon da ya zo daga ƙasar zafi ya yi sakaci da abin da 'yan gari suka ɗauka da muhimmanci. Murhun yana ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wani dogon akwatin ƙarfe ne mai launin toka da ya kai ni ƙirji, kuma tambarin da ke jikinsa ya nuna cewa an ƙera shi ne a tsakiyar shekarun 1980. Yana da wani ɗan harshen wuta da ba ya mutuwa dare da rana, daga shi ne sauran kawunan wutar suke kamawa idan gida ya nemi zafi.

Ma'aikacin ya cire murfin gaba, ya kunna murhun, ya durƙusa yana kallon wutar, sannan ya kira ni in zo in gani da idona. Da farko harsunan wutar shuɗaye ne, a tsaye cak. Amma da babbar fankar da ke tura iska cikin gida ta tashi, sai na ga ɗaya daga cikinsu ya soma rawa, yana karkacewa, bakinsa yana komawa rawaya. Ya kashe murhun, ya jira ya huce, ya zura wata ƙaramar kyamara mai dogon wuya cikin tukunyar ƙarfen da wutar ke ci a cikinta, ya nuna mini a allonsa wata tsaga mai tsawon ɗan yatsa. Daga nan ya rufe bawul ɗin gas, ya rataya wata jar takarda a jikin bututun, ya ce ba za a sake kunna wannan murhun ba.

Abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne tambayar ko ba za a kira mai walda ya like wurin ba, domin a inda na taso ba a jefar da ƙarfe saboda tsaga ɗaya. Bai yi mini dariya ba, ya dai yi mini bayanin da ya zama tushen duk abin da na fahimta game da wannan na'ura daga baya. Iska iri biyu ce take ratsa murhu, kuma ba a yarda su haɗu ba. Ta farko ita ce wadda wuta ke ci da ita, ta zama hayaƙi, ta fice waje. Ta biyu ita ce iskar cikin gida wadda fanka ke jawowa daga ɗakuna, ta goga ta a bayan tukunyar nan mai zafi, ta mayar da ita ɗakunan da ɗuminta. Bangon tukunyar kaɗai ne tsakaninsu, kuma ƙarfen da ya shafe shekara talatin da wani abu yana buɗewa idan ya yi zafi, yana tsukewa idan ya huce, ya riga ya gaji, in an like nan gobe can zai tsage. Abin tsoron shi ne iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jinin mutum yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau fiye da 200, shi ya sa mai barci ba ya farkawa ya gudu. Da ya faɗi haka sai na tuna mahaifiyarmu a lokacin hunturu, yadda ba ta taɓa yarda kaskon garwashi ya kwana a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga ba, komai rawar ɗarin da muke yi, da kuma labaran iyalan da hayaƙin janareto ya hallaka cikin dare. Ban ƙara yin gardama ba.

Wanda bai taɓa zama a irin wannan gari ba zai ga kamar ɗumama gida jin daɗi ne kawai. A Winnipeg, daren watan Janairu yakan sauka ƙasa da digiri 20 a ƙarƙashin sifili a ma'aunin Salshiyas ba tare da kowa ya yi mamaki ba, kuma a tarihin garin an taɓa auna digiri 47.8 ƙarƙashin sifili a watan Disambar 1879. Gidan da murhunsa ya mutu a tsakiyar irin wannan sanyi ba mutanensa kaɗai ne cikin haɗari ba, ruwan da ke cikin bututan famfo yakan daskare, ya kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, ya fasa bututan, ranar da ya narke kuma gida ya cika da ruwa. Saboda haka makonnin da suka rage mana kafin Nuwamba ba su da yawa, sai muka sayi ƙananan hita biyu na lantarki don daren Oktoba, na shiga neman kamfanin da zai yi aikin.

Kamfanoni uku na kira. Wakilin na farko ya sauka ɗakin ƙasa, ya karanta tambarin tsohon murhun, ya ga an rubuta BTU 120,000, wato ma'aunin yawan zafin da murhu ke ƙonawa a awa ɗaya, sai ya ce zai sa mana mai 100,000, kuma ya rubuta farashi a tsaye cikin minti goma. Gaskiya maganarsa ta kwanta mini, domin tunanina irin na mai sayen janareto ne, wanda ya san cewa gara ya yi yawa da ya gaza. Na biyu bai bambanta da shi ba sai a araha. Na uku kuwa wata mata ce da ta shafe fiye da awa ɗaya a gidan da tef ɗin awo a hannu. Ta auna kowace taga, ta tambayi shekarar da aka sauya su, ta sa tsani ta leƙa cikin rufi don ta ga kaurin audugar da ke tare zafi, ta ƙirga ƙofofin iskar da ke kowane ɗaki. Ta ce akwai ƙa'idar lissafi da ake bi a Kanada mai suna CSA F280, wadda da ita ake gano yawan zafin da gida ke zubarwa a daren da ya fi sanyi, kuma a Winnipeg ana yin lissafin ne a kan kusan digiri 33 ƙarƙashin sifili. Bayan kwana biyu ta aiko da sakamako, gidanmu bai kai BTU 50,000 ba a buƙatarsa, don haka ta ba da shawarar murhu mai 60,000.

Rabin tsohon ke nan, kuma hankalina bai kwanta ba. Na je wajen wani dattijo ɗan ƙasarmu da ya riga ni zuwa garin da shekaru masu yawa, bayan sallar Juma'a na nuna masa takardun uku, na ce, "Alhaji, ni fa ina tsoron kada a sa mini ƙarami yara su kwana cikin ɗari." Ya duba, ya ce, "Malam, wannan ba janareto ba ne. Ka lissafa abin da ke shiga ɗakinka, ka bar abin da ke shiga murhun." Da na zauna na yi lissafin sai na ga gaskiyarsa. Tsohon murhun, kamar sauran sa'o'insa, kusan kashi 65 cikin ɗari na zafin gas ɗin da ya ƙona ne ke isa cikin gida, saura yana bin bututun hayaƙi ya tafi sama, wato daga 120,000 abin da muke samu bai wuce 78,000 ba, kuma an zaɓe shi ne tun gidan yana da tsofaffin tagogi. Sabon kuwa kashi 96 yake bayarwa, wato 57,600 daga 60,000. Tun 2019 ma dokar Kanada ba ta yarda a shigo da sabon murhun gas na gida irin wannan da ya gaza kashi 95 ba. Ga kuma illar babban murhu da ban sani ba: yakan cika gida da zafi cikin 'yan mintoci ya mutu, ya sake tashi, ya sake mutuwa, ɗakunan nesa ba su samu rabonsu ba, kuma wannan yawan tashi da mutuwa shi ne ke gajiyar da tukunyar wuta. Na ɗauki na uku, duk da cewa ya fi na biyu tsada da 'yan ɗaruruwan daloli, na zaɓi mai mataki biyu, wanda yawancin lokaci yake ci da ƙaramar wuta a hankali, sai sanyi ya tsananta ya buɗe gaba ɗaya.

A nan ba a yarda mutum ya haɗa bututun gas da hannunsa ba, ko ya kira wani ɗan uwa mai basira ya yi masa. Sai mai lasisi, kuma sai an ciro takardar izini, wadda kamfanin ne ya nema a madadinmu. Ranar aikin, a tsakiyar Oktoba, mutum biyu suka iso da ƙarfe takwas na safe, suka shimfiɗa tsumma a kan matakala, suka rufe gas da wutar lantarkin murhun, suka kwance tsohon gunduwa-gunduwa saboda nauyinsa. Sabon da suka sauko da shi bai kai ni ƙugu sosai ba, har uwargida ta leƙo daga saman matakala ta ce, "Malam, wannan ɗan abin ne zai riƙe mu har Maris?" Saboda gajartarsa sai da suka yanka kwano a nan take suka ƙera wani maƙogwaro da ya haɗa shi da tsofaffin hanyoyin iskar gidan, suka like duk mahaɗa da tef na ƙarfe.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne hanyar hayaƙi. Sabon murhun ba ya amfani da tsohon bututun bulo da ya ratsa rufin gida. Yana da tukunya ta biyu wadda ke tatse zafin da ya rage a cikin hayaƙin, har tururin da ke ciki ya koma ruwa, don haka abin da ke fita ɗumi-ɗumi ne kawai, bututun roba ma ya ishe shi. Suka huda bangon gefen gida wuri biyu, suka fitar da fararen bututu biyu na roba masu tambarin da ke nuna an amince da su don hayaƙin gas, ɗaya yana shigo da iskar da wuta za ta ci daga waje, ɗaya yana fitar da hayaƙi. Babban cikinsu ya riƙa ɗora ma'aunin daidaito a kan bututun fitar, ya nuna mini cewa dole ya ɗan gangaro zuwa wajen murhun, domin ruwan da ya taru a ciki ya koma baya maimakon ya tsaya ya daskare. A waje kuma ya ɗaga bakunansu sama, ya ce ƙa'ida ita ce su fi inda dusar ƙanƙara ke kaiwa da aƙalla santimita 30. Ruwan da murhun ke fitarwa yana da ɗan tsami mai cin ƙarfe, saboda haka da siririn tiyo na roba aka ja shi zuwa magudanar da ke daɓen ɗakin.

Akwai wani ƙarin aiki da wakilai biyun farko ba su ambata ba sam. Tukunyar dafa ruwan wankanmu ita ma da gas take aiki, kuma da ita da tsohon murhun bututun bulo ɗaya suke tura hayaƙinsu. Da aka cire murhun sai ta zama ita kaɗai a bututun da ya yi mata faɗi, hayaƙinta ba zai iya ɗumama shi ya tashi sama da ƙarfi ba, yana iya yin gumi a ciki ya ci bulon, ko ma ya dawo cikin gida. Maganin shi ne a zura siririn bututun ƙarfe daga saman rufi har ƙasa, kuma sun yi hakan da yamma. Wannan ne ma ya sa farashinsu ya ɗara na sauran.

Kafin su tafi sun shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗar bututun gas suna neman kumfa, sun auna ƙarfin gas ɗin a bakin bawul, sun soka ma'aunin zafi a hanyar iskar da ke shiga da wadda ke fita don su tabbatar bambancin ya faɗa cikin abin da aka rubuta a tambarin murhun. Sannan babban ya sa ni na tsaya na saurari yadda yake tashi, ya ce wanda ya san jerin sautin zai san inda aka tsaya ranar da aka samu matsala. Da ma'aunin bango, wato na'urar da ake saita zafin gida da ita, ya nemi zafi, wata ƙaramar fanka ce take fara juyawa don ta share hanyar hayaƙi. Idan wani makunni mai jin ƙarfin iska ya tabbatar hanyar a buɗe take, sai ƙyastun lantarki ya yi ja kamar garwashi, a ji ƙaran bawul, wuta ta kama. Wani tsinken ƙarfe da ke cikin harshen wutar ne ke shaida cewa ta kama, in bai shaida ba cikin 'yan daƙiƙoƙi a rufe gas. Sai bayan tukunya ta yi zafi babbar fanka ke tashi. Jami'in duba aikin gas ya zo daga baya ya sa hannu, ni kuma na yi rajistar garanti ta intanet a daren, na sayi ƙararrawar kabon monoksaid guda biyu, ɗaya kusa da ɗakunan barci, ɗaya a ƙasa.

Kuskurena na farko a wajen kula da shi a kan filta ne. Wani allo ne na takarda mai lanƙwasa, namu inci 16 a 25, kaurinsa inci ɗaya, ana zura shi a hanyar iskar da ke dawowa, kuma kibiyar da ke gefensa dole ta kalli murhun. Ana rubuta musu lambar MERV, wadda ke nuna ƙanƙantar ƙurar da suke tarewa. Saboda ƙaramin ɗanmu yana yawan tari, na sayi mai lamba 13 da tunanin na yi dabara, sannan na manta da shi wata huɗu. A cikin Fabrairu murhun ya soma tashi ya yi minti biyar ya mutu, fanka kuma ta ci gaba da hura iska. Da na zaro filtar sai na tarar ta yi baƙi ƙirin, ta lotsa ciki saboda yadda fanka ke jan ta. Iska ba ta wucewa yadda ya kamata, tukunya tana yin zafi fiye da kima, makunnin kariya yana kashe wutar. Wato da hannuna nake yi wa sabon murhu irin abin da ya tsaga tsohon. Tun daga ranar na koma mai lamba 8, ina duba ta ranar ɗaya ga kowane wata ta hanyar ɗaga ta a gaban fitila, in haske bai ratsa ba in sauya, kuma ina rubuta kwanan wata a gefenta da biro.

Na biyun ya fi ba ni tsoro. A sanyinmu na biyu da sabon murhun, bayan an yini ana guguwar dusar ƙanƙara, uwargida ta tashe ni wajen ƙarfe uku na dare ta ce, "Malam, tashi, hancin yaran nan ya yi sanyi." Ma'aunin bango da muka saita a 21 yana nuna 15. Na sauka ƙasa na saurara, ƙaramar fanka tana tashi, ta yi ta juyawa, amma ƙyastun bai yi ja ba, sai ta mutu, ta sake gwadawa. Ta wata ƙaramar taga a murfin na ga fitila tana ƙyaftawa, na ƙirga, na duba jadawalin da ke manne a bayan murfin, ya nuna matsalar hanyar iska ce. Na sa riguna uku da takalmin sanyi, na ɗauki shebur da tocila na zagaya gefen gida. Iska ta tara dusar a jikin bangon har ta kai ni cinya, ta binne bakin bututun shiga gaba ɗaya, na fita kuma tururinsa ya daskare ya yi masa gemun ƙanƙara. Na haƙe wurin, na cire safar hannu na zura yatsu na kwashe abin da ya toshe ciki, kuma cikin wannan minti ɗaya yatsun suka daina jin komai. Da na dawo na kashe makunnin murhun na sake kunnawa, na tsaya ina bin jerin sautin ɗaya bayan ɗaya har na ji wuta ta kama. Yanzu duk ranar da aka yi dusa, kafin in share hanyar mota sai na fara zagayawa wajen bututan nan.

Sauran hidimar ba ta da wahala. Iskar gida takan bushe ƙwarai a tsakiyar sanyi, leɓe ya tsage, hanci ya yi jini kamar a tsakiyar hunturun gida, don haka muka sa na'urar ƙara laima a jikin murhun, amma na koyi rage ta idan sanyi ya tsananta, in ba haka ba tagogi su yi raɓa ta daskare a kansu. Ba ma jingina kaya kusa da murhun, ba ma ajiye fenti ko man fetur a ɗakin, kuma na hana a rufe ƙofofin iska da kafet ko kujera. Yara sun san cewa idan suka ji wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, wanda da gangan ake zuba shi a gas don a gane yoyo, ba a taɓa makunnin fitila, fita ake yi a kira lambar gaggawa daga waje. Shekarar da muka je gida a watan Disamba ban kashe murhun ba, na bar shi a 16, na rufe babban bawul ɗin ruwa, na ba Alhaji makulli yana leƙawa, domin kamfanonin inshora da yawa suna shardanta a riƙa duba gidan da ba kowa a lokacin sanyi.

Abin da ya shafi gas da wuta kuwa ba na taɓa shi. Duk Satumba ma'aikaci yana zuwa ya zaro tsinken nan mai shaida wuta ya goge farin dattin da ke taruwa a kansa, wanda shi kaɗai yana iya sa murhu ya kama ya mutu cikin daƙiƙoƙi, ya wanke tarkon ruwan da ke ƙasa, ya busa tiyo, ya soka na'urarsa a bututun hayaƙi ya karanta abin da ke fita. A zuwansa na bana ya tarar tiyon ya soma toshewa da wani kore-koren datti, ya wanke shi a bahon wanki, ya mayar. Da ya kunna murhun karon farko tun watan Mayu, ƙaurin ƙurar da ta kwanta a kan tukunya ya bi ɗakuna na 'yan mintoci, uwargida ta buɗe tagar kicin, ni kuma na hau kujera na danna maɓallin gwajin ƙararrawar da ke bakin ɗakin yara, na duba ranar ƙarewar aikinta da aka buga a bayanta.